Launin Halitta da Lafiyar Jiki: Nasiha ga Matasan Birnin Zariya

Sinadarin launi shi ne abin da ke cikin ganye, ko fure, ko ɗan itace, ko jikin mutum da dabba, wanda ke sa ido ya gan shi kore, ko ja, ko rawaya, ko baƙi. Hasken rana da ake gani fari fat haɗakar launuka ne, su ne bakan gizo ke bajewa a sama bayan an ɗauke ruwa. Idan haske ya sauka a kan abu, sinadarin da ke cikinsa yakan shanye wasu launukan ya mayar da sauran, kuma wanda ya mayar ɗin shi ke shiga ido. Ganyen zogale yana shanye ja da shuɗi ya mayar da kore. Nunannen tumatir yana shanye shuɗi da kore ya mayar da ja.

Kowane sinadarin launi yana da aikin da yake yi wa mai shi. Da shi tsiro ke kama hasken rana ya yi abinci, da shi yake kare kansa daga ƙunar ranar, da shi yake kiran ƙudan zuma zuwa fure da tsuntsu zuwa nunannen ɗa domin iri ya yaɗu. A jikin mutum kuwa, jan jini ne ke ɗaukar iska, duhun fata ne ke tare rana, kuma a cikin ido akwai wani sinadari wanda in ya yi ƙaranci ba a gani da dare.

Mutanen Birnin Zariya sun daɗe da sanin waɗannan launuka ta hanyar sana'a da girki da ado. Marina suna rini da baba, dukawa suna rina fata da karan dafi, ana yi wa amarya ƙunshi da lalle, ana kaɗa miya da kuka da kabewa da manja. Matashin yau ya gaji duk wannan, sannan kasuwa da wayar hannu suka ƙaro masa launin kwalba da na leda da man shafawa. Abin da ya kamata ya riƙe shi ne launi alama ce da ake karantawa: wani yana nuna abinci mai gina jiki, wani yana nuna cuta ta shigo, wani kuma ƙara shi aka yi don a ruɗi mai saye.

Koren ganye

Sinadarin da ke sa ganye kore sunansa kulorofil. Wasu masana harhaɗa magunguna biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, su ne suka fara ware shi daga ganye a 1817, kuma su ne a 1820 suka ware kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro. Kulorofil yana kama hasken rana, da ƙarfin hasken ne tsiro ke haɗa ruwa da iskar da mutane ke fitarwa ya samar da sukari, ya saki iskar da ake shaƙa. Dawa da masara da gyaɗa da raken ƙasar Zazzau, har da naman dabbar da ta ci ciyawa, duk daga wannan aiki suka samo asali.

Ginin kulorofil ya yi kama da na sinadarin da ke sa jini ja, sai dai shi maganiziyam ne a tsakiyarsa, na jini kuma ƙarfe. Da wannan kamanni masu tallan ruwan kulorofil a kwalba ke fakewa, suna cewa yana ƙara jini yana wanke ciki. Babu ƙwaƙƙwarar hujjar likitanci a kan haka, domin jiki ba ya juya kulorofil ya zama jini. Amfanin ganye ga mai cinsa yana cikin abokan tafiyar koren: karotin, da bitamin C da K, da folik asid, da ƙarfe, da kalsiyam, da zare-zaren da ke sauƙaƙa bayan gida. Galibi gwargwadon duhun koren ganye, gwargwadon yawan waɗannan abubuwa a cikinsa. Shi ya sa zogale da alayyahu da rama da lalo da tafasa da kuka suka fi kabeji da latas, duk da cewa su ne ake yi wa kallon cimar talaka.

Yadda ake girki yana iya ragewa ko kiyaye wannan amfani. Kanwa tana sa ganye ya yi kore shar kuma ya yi laushi da wuri, amma tana lalata bitamin C da wani ɓangare na bitamin B, don haka kaɗan ta isa. Tsami yana fitar da maganiziyam ɗin, shi ne dalilin da miyar yakuwa ke dusashewa, kuma wannan bai rage mata daraja ba. Doguwar tafasa da zubar da ruwan ganye su ne babbar asara. Kukar da aka shanya a inuwa ta fi riƙe kore da karotin a kan wadda aka baza a tsakar rana, don haka mai saye a kasuwar birni ya zaɓi mai kore, ya bar wadda ta koma ruwan ƙasa.

Rawaya da ruwan goro

Karotin da danginsa su ne ke ba karas da kabewa da gwanda da mangwaro da giginya da gwaiduwar ƙwai da manja launinsu. Suna nan a cikin koren ganye ma, kulorofil ne ke rufe su, sai ganye ya tsufa koren ya gushe sannan rawayar ta bayyana. An gano fiye da iri 600 na wannan dangi. An fara ware karotin daga karas a Jamus a 1831, kuma a 1930 Thomas Moore, wani masani a Kambirij ta Ingila, ya nuna cewa jiki yana juya shi ya zama bitamin A.

A tantanin da ke bayan ido akwai wani sinadarin launi mai suna rodofsin wanda da bitamin A ake gina shi. Haske yana taɓa shi sai ya warware ya aika saƙo ƙwaƙwalwa, jiki kuma ya sake gina shi. Idan bitamin A ya yi ƙaranci ginin ba ya samuwa, sai dundumi ya kama yaro: yana gani da rana, amma da magariba ta yi sai tuntuɓe da lalube. In abin ya daɗe ido yakan bushe, gyambo ya fito a kan ƙwayarsa, makanta ta biyo baya. Rashin bitamin A kuma yana raunana garkuwar jiki, ƙyanda da gudawa su fi yi wa yaro illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa a kowace shekara ta wannan hanya, kuma rabinsu na mutuwa cikin wata 12 da makancewar.

Wannan ne dalilin ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata 6 zuwa wata 59, sau biyu a shekara, a makon lafiyar mata da ƙananan yara: shuɗin ƙwanso ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya, jan ƙwanso ga waɗanda suka wuce haka. Tun 2002 kuma doka ta wajabta sa bitamin A a cikin sukari da fulawa da man girki na kamfani a Najeriya, ana gane su da tambarin ido a jikin buhu ko galan. Matashin da ke da ƙanne ya tabbata an kai su an ɗiga musu.

Karotin sai da maiƙo yake shiga jini. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, ko fate da ganye da manja, haɗi ne da ya dace da wannan ƙa'ida. Manja na cikin abubuwan da suka fi kowane abinci karotin, amma idan aka soya shi har ya yi hayaƙi ya koma fari, an ƙona abin da ake nema. Wanda ya yawaita cin karas ko manja tafin hannunsa na iya yin rawaya. Wannan ba shi da illa, kuma ana bambanta shi da shawara domin farin ido ba ya canjawa.

Masu binciken noma sun kawo karotin cikin abincin yau da kullum. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta haɗa hannu da cibiyar IITA ta Ibadan wajen fitar da masara mai ruwan goro, irin su SAMMAZ 38 da SAMMAZ 39. An fitar da rogo mai rawaya a 2011, akwai kuma dankalin Hausa mai cikin ruwan goro. Ta hanyar barbarar iri aka same su. Abin da ke hana su yaɗuwa shi ne sabo da farin tuwo, kuma matashin manomi a fadamun Kubanni da Galma shi ya fi cancanta ya fara gwadawa a gonarsa da gidansu. Dawar kaura da masara mai rawaya kuma suna da lutin da ziyazantin, wasu 'yan dangin karotin da ke taruwa a tsakiyar tantanin ido suna tace haske mai kaifi.

A nan akwai gargaɗi babba. Da aka lura masu cin ganye da 'ya'yan itace sun fi tsira daga wasu cututtuka, sai aka zaci in an tsame karotin an zuba a ƙwaya mai ƙarfi zai kare mutane daga ciwon daji. An gwada a ƙasar Finlan a kan mashaya sigari 29,133, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin masu shan ƙwayar. Wani gwajin a Amurka an tsayar da shi a 1996 bayan an ga ƙarin kashi 28 cikin ɗari. Abin da ke da amfani a cikin miya yana iya cutarwa idan aka tattara shi da yawa a ƙwaya. Haka abin yake ga kurkum: ɗan abin da ake barbaɗawa a girki ba shi da laifi, amma an samu rahotannin lalacewar hanta a Italiya da Amurka daga ƙwayoyin kurkumin masu ƙarfi.

Ja da shunayya

Jan zoɓo daga sinadarin antosayanin yake. Launinsa yana bin tsami: a matsa lemon tsami a cikin zoɓo sai ya ƙara haske, a jefa kanwa sai ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi. Ɗalibin sakandare na iya gwada wannan da kofi biyu a gida. A jikin tsiro antosayanin yana kare fure da ɗanyen ganye daga zafin haske.

An yi bincike mai ma'ana a kan zoɓo da hawan jini. A wani gwaji na Jami'ar Tufts da ke Boston, wanda aka buga a 2010, mutum 65 masu hawan jini mara tsanani sun sha kofi uku a rana har mako shida. Lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, ta waɗanda aka ba abin sha na kwaikwayo kuma da maki 1 da ɗoriya. Ragi ne na gaske amma ƙarami, bai kai a ajiye maganin asibiti dominsa ba. Zoɓon gwajin kuma ba irin wanda ake sayarwa a Ƙofar Doka da Tudun Wada lokacin azumi ba ne, wanda ake cika wa sukari da kalar leda. Mai ciwon sukari ya kula da wannan. Wani bincike a Sudan ya nuna zoɓo yana rage yawan kulorokwin da ke shiga jini, don haka da ruwa ake haɗiyar magani. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su nemi shawarar likita kafin su mayar da shi abin sha na kullum.

Karan dafi wani nau'in dawa ne da ake nomawa don jan kubensa. Da shi dukawan ƙasar Hausa ke rina jar fatar akuya da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Hausawan zango a Gana suna dafa shinkafa da wake da shi don launi. Sinadarinsa ɗan uwan antosayanin ne, sai dai ya fi jure zafi. Ganyen dawa na cikin tsirrai huɗu da Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta haɗa a maganin sikila mai suna Niprisan, tare da masoro da kanumfari da wani itace. Ƙaramin gwaji ya nuna yana rage yawan tashin ciwon, amma masu bitar bincike sun ce sai an yi gwaji mafi girma. Ana jiƙa karan dafi a sha don ƙarin jini, sai dai jan ruwa a kofi ba hujja ce ta ƙarin jini ba, awo ne kaɗai ke tabbatarwa.

Jan tumatir da kankana da jar gwaiba daga laikofin yake, ɗan dangin karotin wanda ba ya komawa bitamin A. Ya fi shiga jiki idan an dafa tumatir da mai. Ana danganta shi da rage sankarar mafitsara da ke kama maza, amma har yanzu bincike bai yanke hukunci ba.

Jini da shawara

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma likita ma da duban launi yake farawa. Himogulobin shi ne jan sinadarin da ke cikin ƙwayoyin jini, ƙarfen da ke tsakiyarsa ne ke riƙe iska daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Idan ya ragu, cikin fatar ido ta ƙasa da dasashi da harshe da tafin hannu sukan yi fari, ga kasala da jiri da haki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙarancin jini a kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya, da kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49. Sababbansa sun haɗa da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da tsargiya, da sikila, da yawan zubar jinin al'ada, da rashin ƙarfe a abinci. Kowanne da maganinsa, don haka sai an gano sababin. Hanta da nama da kifi da wake da ganye suna ba da ƙarfe. Lemo da gwaiba suna taimaka wa shigarsa jini, shayi a kan abinci kuma yana rage shi.

Ƙwayar jan jini tana rayuwa kimanin kwana 120. Idan ta mutu, jan sinadarin yana komawa wani mai rawaya, bilirubin, wanda hanta ke tacewa ta zubar ta hanji. Shi ke ba bayan gida launinsa. In jini yana fashewa da yawa, ko hanta ta kamu, ko hanyar maɗaciya ta toshe, sai ya taru ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Wannan ita ce shawara, kuma alama ce ta cututtuka daban-daban, ciki har da ciwon hanta nau'in B wanda ke da allurar rigakafi. Ɗirka wa mai shawara jiƙe-jiƙe kafin awo ƙarin nauyi ne a kan hantar da ta riga ta gaji.

Shawarar jarirai ta fi gaggawa. Kusan kashi 60 cikin ɗari na jariran da suka cika wata tara da kashi 80 na bakwaini suna yin rawaya a makon farko. Mafi yawansu tana wucewa, amma idan bilirubin ya hau sosai yakan shiga ƙwaƙwalwa ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, ko ya yi ajalinsa. Maganin haske ne. A 1956 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin Rochford na Ingila, Jean Ward, ta lura fatar jaririn da haske ya taɓa ta washe, daga nan aka ƙera shuɗiyar fitilar da ke narkar da bilirubin. Shanya jariri a tsakar gida ba ya maye gurbin fitilar, ƙuna da bushewar jiki yake jawowa. A duba jariri a wuri mai haske kowace rana kafin suna, a danna goshi ko hanci a ga launin da ya bayyana, a duba ido da dasashi. Rawayar da ta fito a ranar haihuwa, ko ta sauko ciki da ƙafafu, ko ta zo da ƙin kama nono, ba a kwana da ita a gida. Asibitin Hajiya Gambo Sawaba yana Ƙofar Gayan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika. Akwai kuma wani raunin jini na gado mai suna G6PD da ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza, wanda kafur da ake sawa a kayan jarirai ke tayarwa jini ya fashe. A nisanta kafur daga kayan jego.

Duhun fata

Melanin shi ne ke ba fata da gashi da ƙwayar ido launi. Yawan ƙwayoyin da ke ƙera shi kusan ɗaya ne a jikin kowane jinsi, bambancin yana ga yawan abin da suke ƙerawa. Yana taruwa a saman cibiyar ƙwayar halitta kamar laima, ya shanye ɓoyayyen hasken rana mai ƙona fata da jawo sankara. Wani awo da aka yi a Amurka a 1979 ya nuna baƙar fata tana tare wannan haske kusan ninki huɗu na yadda farar fata ke tarewa. Furfura kuwa tana fitowa ne idan ƙwayoyin da ke gindin gashi suka daina ƙera shi.

Zabiya mutum ne da ya gaji ƙarancin melanin daga uwa da uba duka biyu. Ba ya yaɗuwa, ba shi da alaƙa da aljanu ko laifin iyaye. Abin da yake bukata shi ne malafa, da riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana, da tabarau, da kujerar gaba a aji, da duba fata a asibiti idan wani gyambo ya ƙi warkewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni don wayar da kai a kansu.

Halin zabiya ya isa ya nuna abin da mai bilicin ke yi wa kansa, domin abin da wani ya rasa bisa ƙaddara shi ne shi yake biyan kuɗi a cire masa. Wata ƙididdiga da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2011 ta ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan hasken fata, kuma yanzu samari ma sun shiga, har da masu shafa wa yara. Abubuwa uku ne galibi a cikin mayukan. Haidirokwinon yana hana ƙera melanin, in an daɗe a kansa sai baƙin tabo mai wuyar magani ya fito a kumatu da gaɓoɓin yatsu. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito, rauni ya ƙi warkewa, makero da ƙuraje su samu wurin zama, kuma yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma isa ga ɗan tayi. Hasken irin wannan fata kyan ɗan maciji ne. Haɗin da ake sayarwa a robar da ba ta da suna ko lambar NAFDAC ya fi kowanne haɗari. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin launukan mutane a cikin ayoyin Allah, kuma saurayin da ke zolayar baƙar yarinya yana da kaso a cikin wannan annoba.

Lalle, tozali da baba

Ganyen lalle yana da sinadarin da ke manne wa fata da farce ya ba da ja mai duhu, kuma ga mafi yawan mutane ba shi da illa. Jarirai ne ba a sa wa, domin yana iya fasa jinin mai raunin G6PD. Baƙin lalle da ake kira dayis wani abu ne dabam: yawanci sinadarin rinin gashi ne mai suna PPD ake haɗawa don ya kama da wuri. Yana jawo ƙaiƙayi da bororo da tabo mai siffar zanen, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada. Shan sa kisa yake yi, don haka a ɓoye shi daga yara.

Tozali yana da daraja a al'ada da addini, amma gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun nuna da yawa daga cikin dutsen da ake sayarwa da wannan suna dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a Boston sun samu gubar dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa aka samu kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Dalma tana daƙushe ƙwaƙwalwa, kuma babu wani adadinta da aka sani ba ya cutarwa. Arewa ta ga ƙarfin wannan guba a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara. Kada a sa wa jariri tozalin da ba a tabbatar da abin da ke cikinsa ba.

Baba shi ne tushen shuni. Ana jiƙa shi da toka a karofi ya ruɓa, zane ya fito kore-kore, iska ta mayar da shi shuɗi. Tun da wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897 marinar gargajiya ke ja da baya. Rinin zamani ana haɗa shi da soda mai cin fata, don haka matashin marini ya sa safar hannu, kada kuma ya zubar da ruwan kusa da rijiya. A Sin ana magani da garin shuni na tsiro, kuma wani gwaji a Japan da aka buga a 2018 ya nuna yana taimaka wa masu gyambon babban hanji, amma an tsayar da gwajin saboda rahoton hawan jinin huhu a jikin wani mai shan sa.

Launin ha'inci da launin gargaɗi

Da yake mai saye da ido yake zaɓe, wasu 'yan kasuwa launi suke gyarawa. Ana zuba wa manja da garin barkono rinin masana'anta mai suna Sudan, wanda an haramta shi a abinci, kuma hukumar abinci ta Gana ta kama shi a manjan kasuwannin Akara a 2015. Ana nunar da mangwaro da ayaba da kabaid na masu walda, bayan ya yi rawaya ciki yana ɗanye. Kalar alewa da lemon kwalba ma ana sake duba su: wani bincike a Southampton ta Ingila a 2007 ya danganta wasu da rashin natsuwar yara, Amurka kuma ta soke izinin wata jar kala a Janairun 2025. Wani launin kuma gargaɗi ne daga abincin kansa. Dankalin Turawa da ya yi kore ya tara guba mai ɗaci, a yanke wurin sosai ko a yar. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna na iya ɗaukar gubar da ke jawo sankarar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Abin da ya rage ga matasa

Duniya tana komawa neman launin tsiro don abinci da magani da tufafi, kuma ƙasar Hausa na da kayan. Ana fitar da busasshen zoɓo daga Jigawa da Kano da Katsina zuwa Meziko, amma ɗanye yake tafiya, ribar tacewa ta zauna a can. Zariya na da wuraren koyon wannan ilimi: Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Basawa, da Cibiyar Fasahar Fata da ke Samaru. Ɗalibin Alhudahuda ko Barewa da ya riƙe darasin sinadarai da na halittu zai iya zama wanda zai auna abin da ke cikin karan dafi da ɗinya da ɗorawa, ya faɗi gwargwadon da ke amfani da wanda ke cutarwa.

Kafin nan, abin yi a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma ya fi kyau su zo da launi daban-daban, gwargwadon abin da damina ko rani ya kawo kasuwa. A ci launi a cikin abinci, a yi hattara da shi a ƙwaya da kwalba. A bar wa fata launinta. A koyi duba ido da dasashi da fitsari, a je awo idan sun canja. A tambayi abin da ke cikin duk wani abu da za a shafa wa jariri. Matashin da ya san waɗannan ya sanar da iyayensa da ƙannensa da matarsa cikin ladabi, domin a cikin gida ake yanke mafi yawan waɗannan shawarwari.